Tagriss: Shin da gaske hawan keke na canza cinya da surar jikin mace?

A ƙaramar hukumar Tagriss da ke gundumar Dakoro a Jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, kamar yawancin karkarar ƙasar Hausa, keke abin hawan maza ne. Yaro yakan koyi tuƙi tun ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi ba, sai ya zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya ya yi ta fama har ya iya. Ƙanwarsa kuwa, ko da ta taɓa gwadawa tana ƙarama, da zarar ta fara zama budurwa sai a ce ta sauka. Daga nan tafiyarta ta koma a ƙafa, ko a kan jaki, ko amalanke, ko kuma a goya ta a bayan babur idan akwai kuɗin biya.

Idan aka bi diddigin dalilan da iyaye da su kansu matan ke bayarwa a sassan ƙasar Hausa, da yawa daga ciki sun shafi jiki ne. Wasu na cewa keke na busar da mace, ya zubar mata da ƙiba. Wasu na cewa yana murɗa cinya da sharaɓa su yi tauri kamar na namiji, har ɗinki ya daina zama mata. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a fili ba, wato tsoron kada yarinya ta rasa budurcinta a kan sirdi.

A Turai da Amurka ma mata na da nasu tsoron game da keke, sai dai ya sha bamban da na nan. Su fargabarsu ita ce kada cinya ta yi kauri har wandon da suka saba sawa ya ƙi shiga. Ke nan abin hawa ɗaya ake zargi da ramar da mace a nan, ake kuma zarginsa da kumbura ta a can. Abin da masana motsa jiki suka gano bai gaskata ko ɗaya daga cikin zarge-zargen biyu yadda ake faɗarsu ba. A wuri irin Tagriss kuma, amsar wannan tambaya na iya shafar ko yarinya za ta ci gaba da karatu ko za ta tsaya.

Inda nisa ke raba yarinya da aji

Tagriss na gabashin garin Dakoro, wanda shi kuma ke da tazarar kilomita kusan 120 arewa da birnin Maradi. Yanki ne da noma da kiwo suka haɗu a kusa da Kwarin Tarka, inda Hausawa manoma da Abzinawa da Fulani makiyaya ke zaune tare. Ƙauyuka da rugage a warwatse suke. Gero da wake ne manyan abubuwan nomawa, rijiyoyi kuma masu zurfi ne, ta yadda sau da yawa sai an ɗaura wa sa ko jaki ko raƙumi igiya kafin guga ya fito.

A irin waɗannan yankuna, makarantar firamare ta fi kusa da jama'a, amma ƙaramar sakandare da ake kira CEG sai a manyan garuruwa. Yarinyar da ta gama firamare a ƙauye tana da zaɓi biyu: ta riƙa taka sayyada kullum safe da yamma, ko a nema mata mai masauki a garin da makarantar take. Iyaye da dama ba su da kwanciyar hankali da ko ɗaya, sai maganar aure ta taso.

Alƙaluman binciken lafiya da yawan jama'a na Nijar na shekarar 2012 sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma a Jihar Maradi adadin ya kai kashi 89. A watan Disambar 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare 'yan mata masu karatu, daga baya kuma gwamnatin Mohamed Bazoum ta ɓullo da shirin gina makarantun kwana na 'yan mata a karkara, duk don magance matsalar nisa da ta masauki.

Lissafin keke a nan mai sauƙi ne. Mai tafiya a ƙafa yakan ci kilomita 5 a awa ɗaya, mai keke kuma a kan hanya mai tauri yakan ci 12 zuwa 15 ba tare da wahala ba. Yarinyar da makarantarta ke da nisan kilomita 8 za ta shafe fiye da awa ɗaya da rabi a ƙafa, amma minti 40 sun ishe ta a keke. Zuwa da dawowa, awa biyu ke nan ta tsira da su a kowace rana.

Me ke faruwa a cikin cinya?

Gaskiya ne cinya ce ke ɗaukar mafi yawan aikin tuƙa keke. Manyan tsokoki huɗu na gaban cinya su ne ke danna feda ƙasa, tsokar mazaunai na taimaka musu, na bayan cinya da na sharaɓa kuma suna kammala zagayen. Tambayar ita ce ko wannan aiki na sa su kumbura.

Masana sun raba zaruruwan tsoka gida biyu. Akwai masu juriya, waɗanda ke aiki a hankali na tsawon lokaci ba tare da saurin gajiya ba, kuma ba su cika ƙara kauri ba. Akwai kuma masu ƙarfin farat ɗaya, waɗanda ake amfani da su wajen ɗaga nauyi ko gudun tsere na 'yan daƙiƙoƙi, kuma su ne ke yin girma idan aka matsa musu. Tuƙin keke na yau da kullum, kamar zuwa makaranta ko kasuwa, ya fi dogara ne a kan rukuni na farko, domin ƙafa na juyawa sau dubbai amma nauyin da take turawa a kowane zagaye kaɗan ne.

Manyan cinyoyin da ake gani a hotuna na 'yan tseren gajeren zango ne na cikin fili. Wanda ya fi shahara shi ne Bajamushe Robert Förstemann, wanda hoton ƙafafunsa ya karaɗe duniya lokacin wasannin Olamfik na Landan a 2012, inda zagayen kowace cinya tasa ya haura santimita 70. Irin waɗannan 'yan wasa na shafe shekaru suna ɗaga ƙarafa masu nauyin gaske a ɗakin atisaye tare da cin abinci na musamman. Masu tseren dogon zango kuwa, maza da mata, waɗanda ke cin fiye da kilomita 100 a rana ɗaya, yawancinsu siraran mutane ne.

Akwai kuma bambancin halitta. Sinadarin testosteron, wanda ke da hannu wajen gina tsoka, yawansa a jikin namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye. Mace na iya ƙara ƙarfi sosai idan tana motsa jiki, amma yawan tsokar da za ta ƙara bai kai na namiji ba. Siffar cinya da ƙugun mace ta fi ta'allaƙa ne a kan gado, da faɗin ƙashinta, da kuma sinadarin estrojin da ke sa jikinta ya riƙa tara kitse a ƙugu da cinya da mazaunai.

Wannan ba ya nufin babu wani canji ko kaɗan. Wadda ba ta saba motsa jiki ba, idan ta fara hawan keke kullum, cinyarta za ta ƙara ƙwari a watannin farko, musamman idan keken mai giya ɗaya ne kuma tana ratsa yashi ko tana ɗauke da jarkar ruwa a kariya. Haka kuma bayan doguwar tafiya cinya takan ɗan cika saboda jinin da ya taru a cikin tsoka, amma wannan kan sauka cikin 'yan awanni.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne lokaci. Shekarun da yarinya ke shiga sakandare, 12 zuwa 15, su ne shekarun da jikinta ke buɗewa, ƙugu ya faɗaɗa, cinya ta ciko. Idan tana hawan keke a daidai lokacin, sai a ɗora wa keken canjin da balaga ta kawo, alhali ƙawarta da ba ta taɓa hawa ba ita ma jikinta ya canza.

Tsoron rama

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, cikar jiki alama ce ta hutu da samun kulawa. Amarya ko mai jego idan ta yi ƙiba, yabo ne ga mijinta da danginta, idan ta rame kuwa sai a fara tambayar ko lafiya. A wajen Zabarmawa akwai al'adar hangandi ta ciyar da mace don ta yi jiki. A birane irin su Maradi da Kano kuma, wannan sha'awa ce ta buɗe kasuwar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa ke ɗauke da maganin dexamethasone ko cyproheptadine. Likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa shan dexamethasone ba bisa ƙa'ida ba na jawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da raunin garkuwar jiki.

A irin wannan yanayi, duk abin da aka ce yana ramarwa zai sha ƙyama. Sai dai ga macen karkara lissafin ya juya. Keke na daga cikin hanyoyin tafiya mafi tsimin ƙarfi da ɗan Adam ya ƙirƙira. A kan hanya mai tauri, kuzarin da jiki ke ƙonawa wajen cin kilomita ɗaya a keke kusan rabin wanda yake ƙonawa ne idan a ƙafa aka yi tafiyar. Yarinyar da dama can take taka kilomita 16 a rana, idan ta koma kan keke, ragin wahala ta samu, ga kuma ragin lokacin da take shafewa cikin rana, a yankin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Macen Tagriss ba ta rasa motsa jiki ba. Tana daka, tana surfe, tana ɗaukar ruwa da itace a ka, da damina kuma tana gona. Abubuwan da ke ramar da ita sanannu ne ga ma'aikatan lafiya: ƙarancin abinci mai gina jiki musamman a tsakiyar damina kafin sabon gero ya nuna, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, da haihuwa kusa-kusa.

A birni ne lamarin ya bambanta, inda zama wuri ɗaya ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara da matasa kuma minti 60 a rana. Alƙaluman da ta fitar a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manya a duniya ba sa cika wannan ƙa'ida, kuma mata sun fi maza, da kashi 34 a kan kashi 29. Ga macen da ke cikin wannan rukuni, keke na iya rage kitse a hankali idan ba ta ƙara yawan abincinta ba. Amma jiki ba ya zaɓar inda zai rage kitse saboda wurin ne ke aiki. Yana ragewa ne daga ko'ina bisa tsarin halittar mutum, kuma a jikin mata kitsen ƙugu da cinya na cikin masu jinkirin tafiya.

Abin da tef ɗin tela ke nunawa

Inda mace ke fara lura da canji shi ne a jikin tufafinta. Tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya, don haka kilo ɗaya na tsoka bai kai kilo ɗaya na kitse cin wuri ba. Wannan ne ya sa mace za ta iya hawa sikeli ta ga nauyinta na nan yadda yake, amma siket ya ɗan saki a ciki, cinya kuma ta ƙara tsayawa da kyau. Ga wata kuma, musamman siririya wadda ba ta da kitse da yawa, wando matsattse na iya ɗan kama ta a cinya bayan wasu watanni. A duka biyun, magana ce ta ɗan abin da tela zai iya gyarawa a zama ɗaya.

Ƙorafin matan Turai ya samo asali ne daga kayan kanti da ake ɗinkawa da awo ɗaya ga kowa. Wandon jins da ya dace da cinya sai ya yi yawa a ƙugu, wanda ya dace da ƙugu kuma ya ƙi wuce cinya. Macen ƙasar Hausa ta fi su sa'a a nan. Zane ba ruwansa da awo, yadda jiki yake haka ake ɗaura shi. Riga da siket ko doguwar riga kuwa, tela ne ke auna mutum ya yanka atamfa daidai jikinsa, kuma telan da ya san aikinsa yakan bar rara a cikin ɗinki don a iya buɗawa idan jiki ya ƙaru.

Wadda ke son sanin gaskiyar abin da ke faruwa da jikinta na iya auna zagayen cinya da ƙugu da ciki sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, da safe kafin ta hau keke. Awon da aka yi bayan saukowa daga doguwar tafiya yakan yi ƙari.

Zane, hijabi da sarƙar keke

Babbar matsalar tufafi ita ce yadda za a hau keken da su cikin sutura da aminci. Kekunan da suka fi yawa a karkara, irin samfurin Raleigh da Phoenix na da, suna da ƙarfe a tsakiya wanda sai an ɗaga ƙafa sama an tsallaka. Mai ɗaure da zane ba za ta iya hakan cikin mutunci ba. Ga kuma haɗarin bakin zane ko dogon hijabi ya shiga sarƙa ko tayar baya, irin haɗarin da aka sani a kan babura, inda mayafi kan naɗe a taya ya fizgo mace ƙasa.

Wannan matsala tsohuwa ce, kuma an daɗe da samo mata mafita. A shekarun 1890, lokacin da keke mai tayoyi biyu masu girma ɗaya ya yaɗu a Ingila da Amurka, matan can dogayen riguna masu nauyi suke sawa har ƙasa. A lokacin ma an yi ta gargaɗin cewa keke zai lalata surar mace da lafiyarta, har wasu suka ƙirƙiro wata cuta da suka ce tana ɓata fuskar mai hawa. Masu ƙera kekuna sai suka fito da keken mata wanda ƙarfensa ya lanƙwasa ƙasa, suka rufe sarƙa da murfi, suka kuma sa raga a gefen tayar baya don kada riga ta shiga. A 1896 'yar gwagwarmayar haƙƙin mata ta Amurka, Susan B. Anthony, ta bayyana keke a matsayin abin da ya fi komai 'yanta mata a zamaninta.

Ba sai an je nesa ba. A Wagadugu da ƙauyukan Burkina Faso, maƙwabciyar Nijar, mata na hawan keke da zanensu da ɗankwalinsu, wasu da goyo, wasu da kayan lambu zuwa kasuwa, kuma ba wanda ke juyowa ya kalle su. A Yamai da Maradi da Damagaram ma an saba ganin mata da hijabinsu suna tuƙa babur.

Dabarun da masu hawa ke bi ba su da tsada. Ana sa wando mai faɗi a ƙarƙashin zane ko doguwar riga. Ana zaɓar hijabin da bai wuce gwiwa ba, ko a tattare na ƙasan a zauna a kai. Ana tabbatar da murfin sarƙa na nan, a kuma sa wa tayar baya raga, abin da mai gyaran keke ko mai walda zai iya haɗawa. Siket matsattse ne kawai ba ya tafiya da keke, domin ba ya barin gwiwa ta ɗaga.

Tsayin sirdi ma na da muhimmanci. Idan ya yi ƙasa da yawa, nauyi na taruwa a gwiwa da gaban cinya, mutum ya gaji da wuri. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce idan feda ta kai ƙasa, gwiwa ta kasance ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Da yake ƙasusuwan zama na mata sun fi na maza tazara a mafi yawan lokuta, sirdi mai ɗan faɗi ya fi yi musu daɗi.

Batun budurci da haihuwa

Wannan shi ne tsoron da ya fi nauyi a zukatan iyaye, ko da yake kunya kan hana a tattauna shi. Likitocin mata na bayanin cewa tantanin budurci ba murfi ba ne da ke rufe gaba ɗaya. Siririn nama ne mai buɗewa wanda siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace tun daga haihuwa, kuma yana daga ciki, yayin da nauyin mai zaune a kan sirdi ke sauka a kan ƙasusuwan zama. Mata da yawa ba sa ganin jini a daren farko ko da ba su taɓa hawa keke ba. A watan Oktobar 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu sun fitar da sanarwar cewa babu wani gwaji da zai iya tabbatar da budurcin mace ta hanyar duba wannan tantani.

Abin da zai iya jawo rauni shi ne faɗuwa a kan ƙarfen tsakiya, wanda shi ma wani dalili ne na fifita keken mata. Wani bincike da masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka wallafa a 2018, wanda ya shafi mata sama da 3,000, bai sami alamar cewa hawan keke na lalata lafiyar mace ta fuskar auratayya ba. Ya dai nuna cewa masu yawan hawa sun fi fuskantar gogewar fata da ɗan sagewa a wurin zama, abubuwan da gyaran sirdi, tsafta da miƙewa tsaye lokaci-lokaci ke ragewa. Babu kuma wata hujjar likitanci da ke nuna cewa keke na hana haihuwa. Mai juna biyu ce ake shawarta da ta nemi ra'ayin ungozoma ko likita, saboda haɗarin faɗuwa idan ciki ya tsufa.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

A 2006 gwamnatin Jihar Bihar ta Indiya, ɗaya daga cikin mafi talauci a ƙasar, ta fara bai wa 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi diddigin shirin, suka gano cewa shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, tazarar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40. Tasirin ya fi yawa a ƙauyukan da makaranta ke da nisa.

A Zambiya, wani gwaji da aka yi a makarantu 100 na karkara da kekunan ƙungiyar World Bicycle Relief ya nuna cewa makarar 'yan mata ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, fashin zuwa makaranta kuma ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Tun kafin nan, a farkon shekarun 1990, mata fiye da 100,000 a gundumar Pudukkottai ta kudancin Indiya suka koyi hawan keke a ƙarƙashin wani shirin yaƙi da jahilci, duk da ba'ar da aka riƙa yi musu da farko.

Wani darasi daga Bihar shi ne na yawa. Yarinya ɗaya a kan keke abin nuni ce, amma idan 'yan aji guda suka fito tare a jere, surutu kan mutu da kansa, iyaye kuma sun fi samun natsuwa da tsaron hanya.

A fagen wasanni ma matan Afirka sun fara fitowa. Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke a wasannin Olamfik na Paris a 2024, inda ta yi tseren cikin fili da keken da tawagar Jamus ta ara mata. A 2025 Kim Le Court ta ƙasar Morishus ta zama 'yar Afirka ta farko da ta lashe zango a gasar Tour de France ta mata, a watan Satumbar shekarar kuma birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar.

Yashi, ƙaya da kuɗi

Ko da an kawar da tsoron jiki, Tagriss na da nata cikas na zahiri. Ƙasar jigawa ce, kuma inda yashi ya yi zurfi dole a sauka a tura, abin da ke rage ribar lokaci da ta ƙarfi. Ƙayar aduwa da tsidau na huda taya, mai faci kuma ba a kowane ƙauye yake ba. Shi ya sa jaki da amalanke ke da daraja a yankin, kuma keke zai fi amfani ne a hanyoyin da ƙasarsu ke da tauri. Taya mai faɗi wadda ba a cika mata iska sosai ba ta fi jure yashi, kuma a shirin Zambiya an haɗa rabon kekuna da horar da masu gyara a cikin ƙauyukan.

Sai batun kuɗi da mallaka. A gidan da keke ɗaya ne, maigida ko ɗansa namiji ne ke da shi. Shirye-shiryen da suka yi nasara sun ba da keken ne da sunan yarinyar, bisa sharaɗin ta ci gaba da zuwa makaranta, tare da sa hannun iyaye da shugabannin gari. A yanki irin Dakoro, hakan na nufin sarakuna da masu gari da malamai da ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu.

Amfanin bai tsaya kan 'yan makaranta ba. A Nijar ana auna samun kulawar lafiya ne da zama cikin kilomita 5 daga cibiyar lafiya, kuma kusan rabin jama'ar ƙasar na zaune nesa da haka. Matan da ke aikin sa-kai na wayar da kai a kan rigakafi da awon ciki, da masu kai nono da man shanu kasuwa, duk tafiyar ƙafa ce ke cinye musu yini.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun daga 2018. A ƙauyukan Tagriss kuwa, lokacin da maganar ke tasowa shi ne watan Oktoba, sa'ad da makarantu ke buɗewa, iyayen yarinyar da ta gama firamare su zauna su auna nisan hanya, kuɗin mai masauki da maganar masu neman aurenta.